Rana Ba Ta Ƙarya: Katsina da 1 ga Oktoba

Idan dangin ango suka kai goro aka sa rana, uwar amarya ce take fara rasa barci. Ko ta gama haɗa gado da jere, ko ba ta gama ba, ranar tana nan tafe. Shi ya sa Bahaushe ya ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A tarihin Nijeriya babu ranar da aka sa wa biki sau da yawa kamar 1 ga Oktoba, babu kuma wadda ta kunyata iyayen ɗiya kamarta. Daga 1954 zuwa 1998, a wannan rana ake karɓar mulki, ko a miƙa shi, ko a yi alƙawarin miƙawa. Kusan duk lokacin da aka yi haka, in ka duba da kyau, za ka hangi Bakatsine a kusa da inda ake ɗaura auren.

A ƙasar Katsina ranar tana faɗowa ne a bakin kaka. Ruwa ya fara ja da baya, an yanke gero, yara na gasa tumu a bakin gona, dawa ta sunkuyar da kai. Kakanninmu ba su san wani Oktoba ba. Da watan Musulunci da taurarin damina suke lissafi. Ranar da aka samu mulkin kai ma, a wurin malamin zaure, wata Asabar ce cikin Rabi'ul Sani na 1380. Kwanan watan na Bature ne, kuma a teburin Bature aka tsai da shi.

Asalin maganar yana komawa 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a Majalisar Wakilai ta Ikko. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace, don Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu, Turawa suka ga ba makawa sai an sake zama. Taron Landan na 1953 da na Ikko na 1954 suka haifi tsarin mulkin da ake kira da sunan Lyttelton, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1954. A ranar Nijeriya ta zama tarayya, kowace jiha ta samu Firimiyanta, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A cikin ministocinsa akwai Alhaji Isa Kaita, wanda daga baya ya zama Wazirin Katsina, ya kuma daɗe yana riƙe da ma'aikatar ilimi ta Arewa. Wannan ce ranar 1 ga Oktoba ta farko mai nauyi, kuma ita aka fi mantawa.

'Yan Nijeriya ba ita suka nema don ranar 'yanci ba. Sun so a ba su ranar 2 ga Afrilu, 1960. A taron Landan na 1958 ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Alan Lennox-Boyd, ya ce sai dai 1 ga Oktoba, bayan an yi zaɓe sabuwar majalisa ta nema da bakinta. Arewa kuwa, da aka ba ta zaɓin ranar samun ikon tafiyar da harkokinta na cikin gida, sai ta ɗauki 15 ga Maris, 1959, wato ranar da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a 1903. Sardauna ya san darajar kwanan wata: inda aka faɗi, nan ya so a tashi.

Da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Ingila a Filin Sukuwa na Ikko, aka ɗaga kore da fari. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya. Mutumin da ya karɓi ƙasar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauci ne, amma a Katsina aka rene shi a ilimi. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai, ita ta yaye shi, ta yaye Sardauna, da Aliyu Makaman Bida, da Kashim Ibrahim, da Isa Kaita, da Abubakar Imam. An ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya inda ta zama Barewa, amma ginin ƙasar da suka yi karatu a ciki yana nan, shi ne gidan tarihi na birnin a yau. A majalisar ministocin Tafawa Ɓalewa kuma akwai Matawallen Katsina, Musa 'Yar'aduwa, wanda aka damƙa wa harkokin birnin Ikko kansa.

A gida, Sarki Usman Nagogo ya yi shekara 16 bisa gadon Sarki Dikko. Shekara 57 ke nan da shigowar Lugard ta Ƙofar 'Yanɗaka, don haka akwai tsofaffi a birni waɗanda suka ga zuwan Bature da idonsu, suka kuma ga tafiyarsa. Can Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa gari bayan jihadi, 'yan'uwa sun riga mu da wata biyu, sun karɓi nasu daga hannun Faransa ranar 3 ga Agusta. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, ranar 'yanci biyu.

Abin da ba wanda ya lura da shi a wannan Asabar shi ne yara uku da ke karatu a cikin garin. A Sakandaren Lardi ta Katsina akwai samari biyu 'yan aji ɗaya, kowannensu ɗan shekara 17: Shehu, ɗan Matawalle Musa, da Muhammadu Buhari daga Daura. A firamaren Rafukka kuma akwai ƙanen Shehu, Umaru, ɗan shekara 9. Sauran labarin wannan rana, kusan rabinsa nasu ne.

Ranar 1 ga Oktoba, 1961, Kudancin Kamaru ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru, bayan Arewacinta ya zaɓi zama da mu ya zama Lardin Sardauna. Ranar 1 ga Oktoba, 1963, Nijeriya ta zama Jamhuriya: Sarauniya ta daina zama shugabar ƙasa, Dokta Nnamdi Azikiwe ya hau kujerar, aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Zuwa nan ranar ba ta kunyata kowa ba. An sa ta sau huɗu, an yi biki sau huɗu.

Sai ga daren 15 ga Janairu, 1966. Aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka ɗora wa ɗan Sarki Nagogo, Manjo Hassan Usman Katsina, nauyin Jihar Arewa yana ɗan shekara 32. A watan Mayun 1967 aka yanka ƙasar jihohi 12, aka haɗa Lardin Katsina da na Zazzau a Jihar Arewa ta Tsakiya, aka shiga yaƙin basasa na wata 30. Daga nan ranar ta sake kama. Ta tashi daga ranar da farar hula ke karɓar mulki, ta koma ranar da soja ke zama gaban makirfo yana gaya wa jama'a yaushe zai tafi. Mutane su kewaye rediyo a ƙofar gida da teburin mai shayi, suna jiran kalma ɗaya: yaushe.

Janar Yakubu Gowon ne ya fara. A jawabinsa na 1 ga Oktoba, 1970, ya jero ayyuka tara da zai kammala, ya ce soja za su koma bariki a 1976. Shekara huɗu bayan haka, a jawabin 1 ga Oktoba, 1974, ya ce 1976 ba za ta yiwu ba, 'yan siyasa ba su koyi darasi ba tukuna. Bai sa wata rana ba. Wata goma bai cika ba, ranar 29 ga Yuli, 1975, yana Kampala wurin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, matasan hafsoshi suka kifar da shi ba tare da zubar da jini ba. Cikin waɗanda suka kitsa abin har da Laftanar Kanar Shehu Musa 'Yar'aduwa.

Janar Murtala Muhammed ya ɗauki ranar da Gowon ya zubar. A jawabin 1 ga Oktoba, 1975, ya shimfiɗa matakai dalla-dalla: ƙarin jihohi, sabon tsarin mulki, gyaran ƙananan hukumomi, kafa jam'iyyu, zaɓe, sannan miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kwana goma bayan ya mayar da Arewa ta Tsakiya Jihar Kaduna. Olusegun Obasanjo ya gaje shi, aka tsallakar da Shehu daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, aka naɗa shi mutum na biyu a gwamnati. Mai alƙawari ya tafi, kayan suka rage a kan magada. Ba abin da zai hana su cewa yanayi ya sake, ga kuɗin mai, ga bindiga a hannu. Ba su ce ba. Ranar Litinin, 1 ga Oktoba, 1979, a filin nan da aka ɗaga tuta, wanda yanzu ake kira da sunan Tafawa Ɓalewa, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari. Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya tuɓe kaki yana da shekara 36, shekarun da wasu ke fara neman muƙami.

A wannan rana aka rantsar da Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP mai makulli gwamna a Kaduna, bayan ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN mai gida da masara. Rigimar da ta biyo baya, in ka cire gwamnan, kusan ta Katsinawa ce tsakaninsu. Majalisar jiha tana hannun NPN, kakakinta Mamman Abubakar Ɗanmusa. Suka ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna har kusan shekara biyu, ita kanta PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Ranar 23 ga Yuni, 1981, aka tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan, mataimakinsa Abba Musa Rimi, shi ma daga ƙasar Katsina, ya haye kujerar. A shekarar ce kuma Sarki Nagogo ya rasu, ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi.

Lawal Kaita ya jira shekara huɗu. Ranar Asabar, 1 ga Oktoba, 1983, ya karɓi Jihar Kaduna daga hannun Abba Musa Rimi, Bakatsine ya miƙa wa Bakatsine. Wata uku cif ya yi. Ranar 31 ga Disamba aka ji taken soja a rediyo, aka wayi gari Manjo Janar Muhammadu Buhari ne shugaban ƙasa. Ɗan ajin Shehu ya rushe ginin da Shehu ya taimaka aka ɗora. Tun daga wannan rantsuwa ta 1983 ba a sake rantsar da zaɓaɓɓen shugaba ko gwamna na gama-gari ranar 1 ga Oktoba ba.

Janar Ibrahim Babangida, wanda ya hamɓarar da Buhari ranar 27 ga Agusta, 1985, shi ya mayar da sa rana wasan yara. Ya ce 1 ga Oktoba, 1990. Ya ɗaga zuwa 1992. Ya ɗaga zuwa 2 ga Janairu, 1993, sannan 27 ga Agusta. A tsakiyar wannan jan ƙafa Shehu 'Yar'aduwa ya yi gaba a zaɓen fitar da gwani na SDP a 1992, aka soke zaɓen, aka hana shi da sauran 'yan takara sake tsayawa. Sai dai Katsinawa ba za su manta Babangida da wani abu ba. Ranar Laraba, 23 ga Satumba, 1987, kwana takwas kafin bikin 'yanci na 27, ya cire Katsina daga Kaduna, ya cire Akwa Ibom daga Kuros Riba, jihohi suka zama 21. Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar ya zo a matsayin gwamna na farko, ma'aikata suka kwaso iyali da kaya daga Kaduna suka cika gari, haya ta yi tsada, birnin ya fara tsallake ganuwa da gaske. Ita ma ranar ta kaka ce. Ga mutumin Katsina, ranaku biyu ne jere cikin mako guda da kwana ɗaya: ta jiha da ta ƙasa.

Zamanin Janar Sani Abacha ranar ta zo wa gidan 'Yar'aduwa da wata fuska. Shehu yana cikin wakilan taron tsara tsarin mulki, kuma mutanensa ne suka tura har taron ya tsai da Janairun 1996 a matsayin lokacin da soja za su sauka. Wato wannan karon farar hula ne suka sa wa soja rana. A watan Maris na 1995 aka kama shi, shi da Obasanjo da wasu, aka ce sun shirya juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a asirce. Duniya ta yi caa. A jawabin 1 ga Oktoba, 1995, Abacha ya sanar da sassauta hukuncin, kisa ya koma ɗauri, ya kuma sa tasa ranar: 1 ga Oktoba, 1998. Mutanen biyu da suka miƙa mulki a wannan rana a 1979, ga su bayan shekara 16 suna jin makomar rayuwarsu daga kurkuku a rana irin ta.

Shekara ta zagayo, ranar 1 ga Oktoba, 1996, Abacha ya ƙirƙiro jihohi shida: Bayelsa, Ebonyi, Ekiti, Gwambe, Nasarawa da maƙwabciyarmu Zamfara. Suka cika 36, adadin da muke da shi har yau. A gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekarar ne Katsina ta kai 34, ƙasa baki ɗaya 774. Abakaliki ta zama babban birnin Ebonyi, kuma a gidan yarin garin ne Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54. Aka kawo gawarsa Katsina. Jam'iyyu biyar da Abacha ya yi wa rajista duk suka tsai da shi ɗan takararsu, ya zama shi ne ango, shi ne waliyyi, shi ne uwar ɗiya. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998. Ranar da ya sa ta zo ta wuce, ba biki, ba mai biki.

Janar Abdulsalami Abubakar bai koma kan Oktoba ba. Ya zaɓi 29 ga Mayu, 1999, ya kuma cika. A ranar aka rantsar da Obasanjo a Abuja, aka rantsar da Umaru Musa 'Yar'aduwa gwamna a Katsina. Da haka miƙa mulki ya bar kaka ya koma farkon damina, lokacin shuka. Umaru ya zama shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu, 2007, ya fito fili ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya bayyana kadarorinsa, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Shi ya kamata ya jagoranci bikin cika shekara 50, amma ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna. Ranar Juma'a, 1 ga Oktoba, 2010, ana tsakiyar fareti, motoci biyu ɗauke da bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja, mutum aƙalla 12 suka mutu. Ƙungiyar tsagerun Neja Delta ta MEND ta ɗauki alhaki, wata kotun Afirka ta Kudu ta ɗaure jigonta Henry Okah shekara 24 saboda harin. Bayan haka an yi shekaru ana bikin a tsakar fadar shugaban ƙasa, bayan katanga, jama'a na kallo a talabijin.

Na ukun yaran nan, Buhari, ya dawo ta akwatin zaɓe a 2015, ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu, ya miƙa shi ranar 29 ga Mayu, 2023. Shi ne ma ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya 12 ga Yuni. Yau duka ukun suna kwance a ƙasar jiharsu, biyu a Katsina, ɗaya a Daura.

Ba mu kaɗai ke da wannan rana ba. A cikinta Mao ya shelanta Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, shekara 11 kacal kafin tamu, lokacin ƙasarsa tana fama da yunwa da kufan yaƙi. Wanda ya shiga Babbar Kasuwar Katsina yau ya duba waya, da fitila mai caji, da babur, da atamfar da ke kan tebur, zai ga abin da su suka yi da shekarunsu, mu kuma masaƙun Kaduna da suka sha audugar Funtuwa sun zama kango. Kwanan wata ɗaya ne, aikin da aka zuba a ciki ne ya bambanta.

A yau 1 ga Oktoba ta zama ranar hutu da jawabin safe. Yara da yawa a Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa sun san ba makaranta, ba su san cewa daga ginin da suke wucewa kullum aka fitar da mutumin da ya karɓi ƙasar ba. Manomin Batsari, da na Jibiya, da Safana, da Ƙanƙara, da Faskari, wanda shekarun nan kaka kan same shi yana lissafin ko 'yan bindiga za su bar shi ya kwaso damman geronsa, ba jawabi yake jira ba. A wurinsa 'yanci shi ne ya yi noma, ya girbe, ya kwana a ɗakinsa.

In aka tara lissafin, sau huɗu soja suka ɗaura alƙawarin sauka a jikin wannan rana: Gowon, Murtala, Babangida, Abacha. Sau ɗaya tak aka cika, a 1979, kuma akwai hannun ɗan unguwar 'Yar'aduwa a ciki. Wannan ya isa abin alfahari ga Katsina ta Dikko ɗakin kara, ya kuma isa ma'auni. Malaman makaranta su riƙa kai ɗalibai tsohuwar Kwalejin Katsina a kwanakin da ke tsakanin 23 ga Satumba da 1 ga Oktoba, su ba su labarin tun daga 1954. Masu mulki kuma, daga kansila har gwamna, duk wanda ya sa mana ranar gama asibiti, ko hanya, ko komawar 'yan gudun hijira garuruwansu, mu rubuta ranar mu ajiye. In ta zo, mu je mu tambaye shi.